Zanen da Mama ta ce in ɓoye

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a Jidda ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, na yi aikin shekara uku a gidan wata tsohuwa Balarabiya a unguwar Bagdadiyya. Umra ce ta kai ni. Na ce wata shida zan yi in samu abin kama sana'a in dawo, sai ga wata shida ya zama shekara bakwai. 'Yata na bar wa mahaifiyata a gida. Muna da ɗakin haya ni da wasu mata biyu a Ammariyya, amma sau ɗaya a wata nake leƙa shi, sauran kwanakin duk a gidan aiki nake.

Mama nake ce wa tsohuwar, ita kuma ta ce da ni "ya binti", wato 'yata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo yana Riyad da iyalinsa, idanunta kuma sun kusa tafiya gaba ɗaya, haske da duhu kawai take bambancewa. Gidan tsohon bene ne mai ɗakuna da yawa, mu biyu kacal a ciki. Sai in wuni ban ji muryar kowa ba sai tata da ta ladan.

A bangon falonta akwai wasu zane-zane guda goma sha ɗaya cikin firam, baƙi da fari, kowanne bai wuce faɗin littafin makaranta ba. Farkon zuwana na ɗauka tsofaffin hotuna ne da suka koɗe, har na ce a raina, mutane da arzikinsu sun kasa sayen mai kala. Ranar da ta ji ina goge gilasansu da ruwan sabulu ta daka min tsawa, sannan ta ce in zo in zauna ta faɗa min abin da nake neman lalatawa.

Ta ce tana amarya mijinta ya tafi da ita Amurka, wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi, inda ya je karatun injiniya. A makarantar akwai wani malami da ke koyar da zane, ɗan asalin yankin, wanda bai taɓa zana komai ba sai abin da ke kewaye da shi: gonaki, rumbunan hatsi, gadar garin, kogin da ke daskarewa. Kuma ba a takarda yake zanawa ba. Faifan tagulla yake shafe wa kaki, ya bi shi da allura, ya tsoma a ruwan asid, ruwan ya cinye duk inda allurar ta bi. Sai ya cusa tawada a cikin layukan, ya ɗora takarda mai laima, ya matse da inji. Mijinta ya shaƙu da malamin, ya riƙa sayen zanensa ɗaya bayan ɗaya har suka dawo.

Daga ranar na samu sabon aiki. Kullum bayan la'asar zan kai mata shayi, ta ce, "Yalla, faɗa min na uku." In tsaya gaban zanen in riƙa kwatanta mata da guntun Larabcina. Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, sai in ce ƙasar duk an shanya mata auduga. Da na gaji da maimaita abu ɗaya sai na fara ƙari. Wata rana na dasa bishiyar kuka a gefen rumbu, na ɗaure akuya biyu a gindinta.

Sai ta ce, "Shekara hamsin zanen nan yana gidana, sai yau ya haifi akuya?"

Ranar na fara jin dariyarta. Ni ma na yi, amma da na koma kicin sai na tarar ina share hawaye, don kukar da na kwatanta ta ƙofar gidanmu ce.

Akwai zane na goma sha biyu, shi a ɗakinta yake, jingine a kan durowar gefen gado, kuma ba shi da gilashi. Mace ce tsaye a bakin taga, ta juya baya, ta kai hannun dama ta bayanta ta riƙe gwiwar hannun hagu. A waje ba komai sai fari da sandar wayar wuta guda ɗaya. Wannan ba ta taɓa cewa in kwatanta mata ba. Da yatsa take bin gefensa, wurin da faifan tagullar ya danna takardar ya bar shaida.

A shekara ta uku ta zame a banɗaki. Ba ta karye ba, amma ɗanta ya zo ya ce khalas, shi ke nan, zaman kaɗaici ya ƙare, Riyad zai tafi da ita, a rufe gidan a rabu da kayan. Ashe malamin nan ya daɗe da mutuwa, kuma akwai masu neman aikinsa suna tarawa. Ranar Alhamis ɗan ya kawo wani mutum mai irin wannan harka. Ya sa farar safar hannu, ya riƙa duba kowane zane da gilashin ƙara girma, yana nuna lambobin da aka rubuta da fensir a ƙasa. Shi ya sa na gane cewa bakwai bisa talatin na nufin guda talatin aka buga, wannan ne na bakwai. Da aka fito masa da na ɗakin Mama ya daɗe a kansa. Ya yi tsaki saboda shaidar yatsu, amma ya ce wannan ba shi da lamba, bai taɓa ganin irinsa a wurin kowa ba, kuma shi ya fi so. Suka ajiye magana zai dawo Asabar ya kwashe duka.

Suna fita Mama ta kira ni ɗakinta, ta ce in tura ƙofa.

"Ya binti, ɗauki wannan ki sa a jakarki, ki kai ɗakinku na Ammariyya. In an tambaye ki, ba ki gani ba. In na tashi tafiya ki kawo min a ɓoye."

Na ce, "Mama, kin san ba ni da takarda. In aka ce abu ya ɓata a gidan nan, jakar wa za a fara buɗewa?"

Ba tarhil kawai nake tsoro ba, wato wurin da ake tsare mu kafin a mayar da mu gida. Wannan ko ba daɗe ko ba jima na san zan shige shi. Abin da nake gudu shi ne a rubuta min sata, labari ya riga ni isa wurin mahaifiyata.

Na ce, "Ki faɗa masa kina son wannan ɗin mana."

"Na faɗa. Ya ce, ya ummi, ba ma kya ganinsa, kuma an riga an yi magana da mutum."

Ta laluba ta ɗauki zanen ta ɗora a cinya. Can ta ce, "Ni ce."

Ban gane ba, sai da ta maimaita. Ta ce shekara biyu ta yi a garin nan ba ta yi magana da mace ko ɗaya da harshenta ba. Mijinta zai fita da safe, ita kuma ta tsaya a taga har ya dawo. Wata rana malamin ya zo cin abinci gidansu, ya gan ta a haka, ya nemi izinin mijinta, ya ce ba zai nuna fuska ba. Guda ɗaya ya buga ya ba su. Da suka dawo Jidda suka bar maganar a tsakaninsu, don a zamanin in dangin miji suka ji wani namiji ya zauna ya zana ta, ba za ta sake ɗaga kai a cikinsu ba.

"Ɗana bai sani ba. Kuma ba zai sani ba. Da wane baki zan faɗa masa?"

Na so in ce mata, Mama, ni ma na san wannan tsayuwar, tagar kicin ɗinki ta san ni. Ban faɗa ba. Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Washegari Juma'a na yi ta jujjuya abin ina wanke-wanke. In na ɗauka, na zama ɓarauniya. In na yi shiru, Asabar za a nannaɗe ta a kai gidan wanda bai san ta ba. Da ɗan ya dawo daga masallaci ya zauna a falo shi kaɗai, na shiga ɗakin Mama tana barcin rana, na ɗauko zanen, na ajiye a gabansa.

Na ce, "Ya ustaz, ka yi haƙuri, ba hurumina ba ne. Amma matar nan mahaifiyarka ce."

Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai kuma ya mai da ido kan takardar. Na faɗa masa abin da na sani a taƙaice. Daga baya ya sa yatsa kusa da hannun matar, bai taɓa ba, ya ce a hankali, "Har yau haka take tsayawa." Ya tashi da zanen ya shiga ɗakinta ya rufe ƙofa. Ban san abin da suka ce wa juna ba.

Asabar mutumin ya zo ya tafi da goma sha ɗaya, yana ta mita. Na goma sha biyu ɗan ya naɗe da kansa ya sa a jakar hannunsa.

Mama kuwa ta daina yi min magana. Kwana huɗu ba "ya binti", ba kwatance bayan la'asar, sai "ruwa", "magani", "rufe taga". Ranar tafiya na riƙo ta har bakin mota. Kafin ta shiga ta tsaya ta ce, "Na ba ki amana, kin kai kasuwa."

Na ce, "Ki yafe min, Mama."

Ta ɗago hannu ta laluba fuskata, goshi, kunci, haɓa. Shekara uku muna tare, ranar ta fara sanin kamannina. Ta ce, "Ashe yarinya ce ke." Sannan ta ce wa ɗanta, "Yalla."

Ni aka bari in share gidan. Kwana biyu na yi ina bin ɗaki ɗaki da tsintsiya, ina jin sawuna na amsawa, sannan na miƙa wa mai gadi makulli. Daga nan na koma unguwar Khumra ina dafa wa leburori abinci, har lokacin da na kai kaina tarhil aka mayar da ni gida. Rasuwarta a bakin matar da ta samo min aikin na ji, ta waya, bayan wata takwas da yin ta.

Har yau in na ba da labarin nan mutane kan rabu biyu. Wasu su ce na kyauta, wasu su ce amana amana ce ko da ta takarda ce. Ni kaina ban gama yanke wa kaina hukunci ba. Na san dai tsoron kaina ya fi tausayinta yawa a abin da na yi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina sa ta a addu'a tare da iyayena. Kuma duk sanda na kai kan sunanta nakan ɗan dakata, kamar mai jiran a ce masa an yafe.