Magogin Goro a Tashar Gaya

A tashar motar Gaya wani mutum yana zaune kusa da tsohuwa mai goro. Bai wuce arba'in ba. Ya naɗe haɓa da rawani, kuncinsa a kumbure. Ina jin kafaɗun nan buhunan shinkafa suka saba ɗauka, yanzu riga ta yi musu yawa.

Yana goga goro da magogi, irin na tsofaffi marasa haƙori.

"Malam Rashidu, ya jiki?" in ji tsohuwar.

"Da sauƙi, Inna. Maganin ciwon dajin yana aiki. Sai dai ya haɗa da ƙashin muƙamuƙina, da bai yi laifin komai ba."

Ya zuba garin a harshe, ya lumshe ido, yana jira ɗacin ya narke da kansa.