Baƙin Dutse Guda Ɗaya

A ɗakin karatun wata jami'a a Ohio, Loretta ke kula da kayan tarihin wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai maza da ta cika shekara ɗari. Ga wani tsoho tsaye gaban akwatin ƙuri'arsu. Dogo ne, baƙar kwat ta yi masa yawa, zoben ƙungiyar yana rawa a yatsansa. A ranta ta ce wannan irin kakan nan ne da jikoki ke rububi.

"Da wannan ake zaɓen sabbin shiga, Baba," in ji ta. "Farin dutse amincewa. Baƙi guda ɗaya kuwa ya rufe wa mutum ƙofa har abada, kuma ba a sanin wanda ya jefa."

"Ni za ki gaya wa, 'yata?" Ya ɗauki baƙin dutsen yana murzawa. "A 1961 ƙanena Wendell na jefa wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara sittin muna zama tare muna tsine wa munafukin da ya jefa, bai taɓa sanin ni ne ba. Jiya muka binne Wendell."

Loretta ta saki baki. Shi kuwa ya goge dutsen da hankici, ya mayar, yana tambayarta inda ake sayar da kofi.