Fankar da Na Kashe a Yendi

Shekarun baya na yi wata wauta, kuma tun daga farko ku sani, ni ne wawan labarin. Kada wani ya wahalar da kansa wajen nema.

'Yata ta haihu a Bawku, jikana na fari, kuma ni na yi alkawarin ragon suna. Abokina ya ara mini tsohuwar fikof ɗinsa da yake ɗaukar doya da ita, wadda yake so fiye da wasu 'ya'yansa. Muka taso daga Salaga, ni da matata a gaba, rago a baya.

A Yendi muka tsaya sallar azahar. Na kashe mota, na zare makulli, na sa a aljihu. Sai na ji wani abu yana "wuuu" a gaba. Na buɗe bonet, na ga wata 'yar fanka tana ta juyawa ita kaɗai. Subhanallahi! Makulli na aljihuna, wa ya ba ta izini? To ni mutum ne mai ilimi, na kai aji uku kafin makaranta ta gaji da ni. Nan take na gano batir take sha. Na kama wayarta na zare, ta yi tsit. Na karkaɗe hannu, har ina tunanin irin godiyar da abokina zai yi mini.

Bayan mun wuce Gushegu hanya ta lalace, muka koma tafiyar rarrafe. Allurar zafin injin ta soma hawa. Na tsaya, na jira injin ya huce, na duba radiyeta, ruwa cike. Bel lafiya. Muka ci gaba, allura ta shige ja, ƙarfin mota ya mutu, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin bonet.

Matata, wadda ta tsufa a gaban kaskon ƙosai, ta shaƙi iska ta ce, "Malam, wannan ba ruwa ba ne. Mai ne ke ƙonewa."

Na ce, "Hajiya, ki bar wa masu karatu."

Na kira abokina a waya, na gaya masa abin da ya faru. Ya ce, "Buɗe bonet. Akwai ƙaramar fanka mai sanyaya man injin, tana juyawa?"

"Wannan mara kunyar? Ai na gyara maka ita tun a Yendi."

"Ka gyara ta yaya?"

"Na cire wayar. Ko an kashe mota ba ta tsayawa."

Sai na ji salati. "Innalillahi! Malam, ai aikinta ke nan! In ka kashe mota, ita ke ci gaba da fifita man har ya huce. Ka dafa mini injin!"

Na zauna a ƙasa. Motar mutane, abincin gidansu, na soya ta da hannuna, ga rago a baya yana kallona.

Na mayar da wayar, fanka ta tashi, amma aikin gama ya gama. Motar gawayi ce ta ja mu zuwa Garu, rago ya ƙarasa Bawku a kan babur, ya riga ni ganin jikana. Motar kuwa sai da bakanike ya sauke kan injinta. Abokina ya yafe, amma har yau in na shiga motarsa sai ya ce in rungume hannuwana.

Abin da na koya shi ne, in kayan wani ya yi abin da ban gane ba, baki zan fara sa wa aiki, ba hannu ba. Har yanzu ƙarar fanka na faɗar mini da gaba.

Sai dai a ranar ban sallama da wuri ba. A gindin bishiya, muna jiran mai ja, na ce, "Hajiya, ki yi adalci. Abin da aka kashe, ai ya kamata ya kwanta."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ai kai, Malam, duk abin da ka ga yana aiki bayan kai ka zauna, gani kake ya lalace."