Birkin Baba Masinja

Baba Masinja, Allah ya jiƙansa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai takardun wani ofishi a kan babur. Da ya ajiye aiki aka bar masa baburin, don ya riga ya mutu murus, babu mai so. Irin na dā ne, baƙi, mai nauyi kamar bijimi, giyarsa a ƙafar dama, birkinsa a ƙafar hagu, saɓanin na yanzu. Ya jingine shi a bayan ɗaki, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Sai da gemunsa ya yi fari fat ya tashi gyara shi. Ya kwance shi kaf, ya jera kayan a tsoffin kwanoni, yana wanke kowane da kananzir da buroshin haƙori. Abin da ya gagare shi sai ya kai wa wani makaniki a bakin titi, wanda ake kira Baƙin Mai. Birkin hannu kuwa sako-sako ya bar shi, kamar yadda ya saba, wai kayar da mutum yake yi. Matarsa Inna kan tsallake kwanonin da tsintsiya a hannu.

"Malam, wannan gawar ba za ka bari a binne ta ba?"

"Ke ma ai haka nake lallaɓa ki, ga shi kina tafiya."

"Allah ya shirya," in ji ta, ta ci gaba da shara.

Burinsa bai wuce ya hau shi da kansa ba, ya zaga gari ko sau ɗaya. Saura fenti kawai, wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin hagu. Da aka sallamo shi daga asibiti hannun ya dawo a hankali, ƙafar kuwa jan ta yake yi. Ƙafar birki ke nan.

Bai yi ƙorafi ba, ya ce Mai bayarwa ne ya karɓa. Amma ya rage cin abinci. Yakan wuni a tabarma yana kallon baburin, carbi a hannu ba ya ja. Babban ɗansa, direban bas ne, ya kasa jure ganin haka. Ya tura baburin gareji, shi da Baƙin Mai suka mai da birkin ƙafar dama, giya kuma suka yi mata sanda a gefen tanki, ta hannu. Suka fesa masa baƙin fenti har yana ɗaukar ido.

"Baba, birki ya koma dama," in ji ɗan, yana taka masa ya gani. "Dama fa. Ka ji?"

"Ni za ka koya wa babur? Ina hawansa ko wando ba a fara sa maka ba."

Baƙin Mai ya ce, "Baba, bari in ɗaure birkin hannun."

"Taɓa shi ka ga."

Da hantsi suka kama shi suka ɗora. Ya buga da ƙafar dama, injin ya amsa da muryar nan mai kauri, dum, dum, kamar bugun ƙirji. Ya fita lungun a hankali, ya hau kwalta. Iska ta shige masa riga ta kumbura ta. Rawar injin ta bi cinyoyinsa ta hau gadon baya, har ƙafar da ta mutu sai da ta ji. Ya wuce shagon tela, ya wuce masu faci, ya ɗaga wa mai kanti hannu. A ƙasa gurgu ne, a nan kuwa babu wanda ya fi shi ƙafa. Ya ƙara wuta kaɗan. Ya ji kansa yana dariya, hawaye na gudu zuwa kunnuwansa.

Wani mai amalanke ya fito daga lungu da lodin bulo. Baba ya gan shi da wuri, akwai sarari isasshe. Kansa ya san dama ne. Amma ƙafar da ta yi masa aikin nan tsawon rayuwa ita ta riga, ta ɗaga, ta taka inda birki yake a dā. Babu komai a wurin. Ya damƙi na hannu, ya tafi sako-sako har ya taɓa yatsunsa.

Da ya yi karo da amalanken ƙugunsa ne ya karye, kuma bai sake tashi ba. Ɗan yakan zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, da na bar shi yadda yake..."

"Da ban hau ba," in ji tsohon. Ya maida numfashi. "Ka san ta motsa? Ƙafar nan. Da kanta ta ɗaga."

Bai daɗe ba ya cika, Inna na gefensa tana tuna masa kalmar shahada. Baburin yana bayan ɗaki, fitilarsa a fashe, tankin a lotse. Masu saye sun zo, ɗan ya ce a ba su kyauta ma ya huta da ganinsa, Inna ta hana. Ta lulluɓe shi da bargon Malam. In kaji suka hau, takan fito da tsintsiya ta kore su.