Agogon babur ɗin Baba Ɗanladi

Yau da safe ina buɗe shago wayata ta yi ƙara. Baba Ɗanladi na Madadi ya rasu da asuba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Babban ɗansa ne ya kira ni, wanda ke zaune a Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Ban gama salati ba ya ce, "Nura, wannan tsohon ƙarfen yana wajenka ko? Kar ka ƙara wahalar da kanka. Na yi magana da mai gwangwan, zai zo da sikeli ya auna."

Ko wanka ba a yi wa mahaifinsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba manomi ne. Babur ɗinsa ɗan Japan ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Lokacin da na buɗe shagon gyara a Gwarzo babu mai yarda ya ba ni ko faci, shi ya fara turo min nasa. Wata rana na ɓalle masa kusa a inji. Ya kalle ni ya ce, "To ai yanzu ka san iyakar ƙarfinta." Ya ciro rake daga buhu ya miƙo min.

Bayan damina ya zo wai agogon gudun ya mutu, allurar ta kwanta. Masu zama a bencina suka kwashe da dariya. Wa ke gyara agogon babur a garin nan? Kowa da kunne yake gane gudu, in ya lalace a cire a yar.

Baba ya bari suka gama, ya ce, "Ku kuna da kunne. Ni nawa ya tafi, ba na jin kukan injin. Matata Inna Hajara ce ke leƙo allurar ta kafaɗata, in ta wuce arba'in ta mintsine ni. Yanzu da allurar ba ta nuna mata komai, tun daga gida har asibiti mintsinina take."

Shi ya sa na karɓi aikin.

Wayar da ke tasowa daga tayar gaba ta tsinke, ƙaramin giyan da ke juya ta kuma haƙoransa sun cinye. Na zaga 'yan sifiya, kowa sai ya ce an daina yin irinsa. A Masanawa ta Kabo na samu wani mataccen babur a bayan rumbu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Na ciro giyan, bai zauna daidai ba, na yi ta goga shi kaɗan-kaɗan. Allurar ta koɗe, na shafa mata jan farcen ƙanwata don Inna ta riƙa hango ta.

Ranar kasuwar da ta wuce ya kawo babur ɗin a ɗaura giyan, ya hau mota ya koma. Na ba shi haƙuri kan jinkirin da na yi. Ya ce, "Bi shi a hankali, ɗana. Ni da shi ba mu taɓa sauri ba."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da mai gwangwan a ƙofar shagona, har ya sauke sikeli, yana ƙwanƙwasa tankin da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana. Ban yi masa faɗa ba, aiko shi aka yi. Na ce, "Malam, wanda ya ba ni ajiya ya rasu, ba a raba gado ba. Ɗauki sikelinka."

Na zauna na ƙarasa ɗaurin. Na buga shi, ya tashi. Na kama hanyar Madadi, allurar ta miƙe tana ɗan rawa, ban bari ta wuce arba'in ba.

A wajen zaman makoki ɗan nasa ya taso yana huci, wai wa ya sa ni. Na tura babur ɗin cikin zaure, na aika wa Inna Hajara makulli.

Daga bayan labule ta ce, "Nura ne? Allurar tana motsi?"

Na ce, "Tana motsi, Inna."

Sai ta ce, da ƙarfi yadda na waje za su ji, "A shigo min da shi ɗaki. Ranar rabon gado a sa shi a kasona, ko da shi kaɗai ne zan samu."

Allah Ya jiƙan Baba Ɗanladi, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa sannu a hankalin da ya bi duniya da ita ta kai shi Aljanna. Allah Ya ba Inna haƙuri. Mu kuma Allah Ya ba mu 'ya'yan da za su bari ƙasar kabarinmu ta bushe kafin su kira mai sikeli.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.