Shekarar da Muka Zauna Kusa da Injin Dutse

Har yau in na tauna tsakuwa a cikin shinkafa sai in ajiye cokali. Dapaong nake tunawa.

A Zangon Sokodé, a ƙasar Togo, aka haife ni. Babanmu mahauci ne. Zamanin soja, da aikin babbar hanya ya kai arewa, ya ji ma'aikata suna neman nama, sai ya kwashe mu, ni da ƙanwata da mahaifiyarmu da Kaka, muka koma gefen Dapaong. Gidan da muka samu yana dab da injin da ke niƙa dutse. Tun hantsi yake ruri har la'asar. Ƙurarsa fara ce, mai laushi kamar garin rogo. Ko da damina, ruwa na ɗaukewa take dawowa. Tana kan murfin randa, tana cikin tuwo, tana kan gashin idonmu. Mu yara har zane muke yi a kanta da yatsa.

Kaka ce ta fara tsarguwa, ranar da ta ji awakinmu suna tari kamar mutane. Ta ce wa Baba, "Wannan abin da muke shaƙa, ina yake zuwa? Ni dai ban ga yana fita ba."

Ya ce, "Iya, ƙasa ce kawai. Kwana nawa ne aikin ya yi gaba."

Sai ƙyanda ta shigo. Direbobi suka kawo labarin cewa ta shiga Sokodé ma, 'ya'yan gwaggonmu sun kwanta sun tashi. A unguwarmu ba haka ta yi ba. Ƙuraje su bushe, a ce yaro ya tsira, sai tari ya gangara ƙirji ya ƙi fita. Tabarmar zaman makoki ta riƙa tashi daga wannan ƙofa zuwa waccan, kullum tana matsowa wajenmu.

Rana ɗaya muka kwanta, ni da ƙanwata. A asibiti, malamin ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya tambayi Kaka inda muke zaune. Da ta faɗa masa, sai ya sauke kai.

Ya ce, "Mama, ƙirjin nan ya riga ya gaji kafin cutar ta zo. Ƙura ta cinye ƙarfin da zai kore ta da shi. Ku fitar da su daga wurin."

Kaka ba ta jira Baba ya dawo daga mayanka ba. Ta tsayar da motar shanu mai zuwa kudu, ta saka mu gaba. Ƙanwata tana kan cinyar mahaifiyarmu, numfashinta yana ƙara kamar ana jan ƙaya a kan tabarma. Mun wuce Mango kaɗan na daina jin ƙarar. Direba ya tsaya a wani ƙauye, mutanen da ba su san mu ba suka yi mata sutura.

Ni na warke a Sokodé. Bayan mako guda Baba ya iso da wuƙaƙensa a cikin buhu, bai sake ambaton arewa ba har ya rasu.

Yanzu jikokina rigakafi ake musu, ƙyanda a bakina kawai suke jin sunanta. Hanya ta yi sumul, mota ba ta ko rage gudu. Kaka da mahaifiyarmu sun rasu ban tambaye su sunan ƙauyen ba. Saboda haka in mun wuce Mango, duk ƙauyen da na gani sai in yi masa addu'a.