Mai Daddawar da Ta Kife Tukunyar Giya

Tana zaune a bakin wata rumfa a kasuwar Ikara, siririya, zanen saƙinta ya koɗe, ga tsagar Maguzawa a kumatu, ga ɗan gicciyen katako a wuya. Ban san sunanta ba. Hannuwanta duk tabon ƙuna ne, irin na kakata, irin na matan da suka daɗe suna dafa giya.

Wani dattijo na tsaye a kanta, ga alama wan mijinta ne.

"Jibi za mu zuba wa kakanni giya kafin shuka, kuma babu mai hannunki a gidan. In ba ki dafa ba, gonar marigayi ta fita hannunki."

Ba ta ɗaga murya ba, tana ta jera daddawarta a faifai.

"Yaya, tuwon taron ni zan tuƙa, noma ma zan taya ku. Amma tun da na bi Yesu na kife tukunyar nan."

"Yesun ne zai ciyar da 'ya'yanki huɗu?"

"Ai shi ya ciyar da su bara."

Ya buga sandarsa ya wuce.

Gaskiya kishinta nake ji. Ni na gama sakandare, ina karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa da Turanci, ita kuwa ina jin ko baƙi ba ta sani ba. Amma ran da baffana ya harare ni sau ɗaya, na tura gicciyena cikin riga, na ɗauki tulun giyar kakanninmu har gindin tsamiya.

Na sayi daddawar kwabo. Na kasa haɗa ido da ita.